Injin yanka nama fale-fale na gida: tambayoyi da amsoshi kafin a saya

Masu sana'ar sanwici da shawarma a gida sun yawaita, haka ma matan da ke son su riƙa gasa nama su yanka wa yara na tafiya makaranta. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake zaro yankan nama siriri kamar takarda a manyan kantuna, sai ya ji yana son irin injin a ɗakin girkinsa. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu.

Wane irin inji ne wannan? Ba shi ne na niƙa nama ba?

A'a. Na niƙa yana markaɗa nama ne, wannan kuwa yanka shi yake yi falle-falle. Wuƙarsa faifai ce mai juyawa. A gefenta akwai tire da ake ɗora naman, ana tura shi gaba a dawo da shi baya a kan sandar ƙarfe. Bayan naman akwai faranti a tsaye wanda naman ke jingina da shi, kuma tazarar da ke tsakanin wannan faranti da bakin wuƙa ita ce kaurin yankan. Ana saita ta da wani maɓalli da ake murɗawa, yawanci daga sifili zuwa milimita 15 a injinan gida. Sai kuma madanni mai ƙananan ƙusoshi da ke riƙe naman don kada yatsu su kusanci wuƙa.

Wani mahauci ɗan ƙasar Holan mai suna Wilhelm van Berkel ne ya ƙirƙiro shi a birnin Rotterdam a shekarar 1898. Nasa da hannu ake juyawa, kuma har yau a Italiya ana ƙera irinsa masu jan fenti da babbar ƙafar juyawa, masu tsadar gaske.

Ina da wuƙa mai kaifi. Me zai sa in sayi inji?

Idan sau ɗaya ko sau biyu a wata kake yanka naman sanwici, kada ka saya. Doguwar wuƙa mai kaifi da nama mai sanyi sun ishe ka, kuma za ka huta da wankin inji, wanda ba ƙaramin aiki ba ne. Injin yana biyan kuɗinsa ne a wurin wanda ke yanka kilo biyu ko uku a zama ɗaya, ko wanda ke sayarwa kuma yake son kowane yanka ya yi daidai da ɗan'uwansa. Mai sana'a ya san cewa idan yanka ya ɗara kauri da rabin milimita, ribar ranar ce take tafiya a cikin burodin mutane.

Mene ne ainihin abin da ke sa yanka ya fito siriri?

Abu uku ne: jikin inji mai ƙarfi wanda ba ya lanƙwasa, wuƙa mai kaifi wadda ba ta rawa, da nama mai sanyi. Ƙarfin lantarkin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali yana zuwa ne a bayansu.

Ga abin da ke faruwa da injin roba mai araha. Ka saita kauri a milimita 1, ka danna nama a jikin faranti. Farantin roba ne ko siririn ƙarfe, sai ya ɗan ja baya saboda dannawar. Yankan farko ya fito milimita 1, na biyu ya fito 3, na uku ya fara siriri ya ƙare da kauri. Bayan yanka goma sai ka ga dunƙulen naman ya karkace, ƙasansa ya yi jela mai reto wadda wuƙa ba ta ci, dole ka juya shi ko ka datse jelar da hannu. Idan milimita 8 kake yanka burodi, wannan ba zai dame ka ba. Amma a milimita 1, ɗan motsin nan shi ne bambancin yanka da yagewa.

Saboda haka idan ka je shago, kada ka tsaya karanta kwali. Ka tabbata an cire filogi, ka murɗa maɓallin kauri zuwa 1 ko 2, ka sa babban yatsa a saman farantin ka tura shi baya. Idan ya motsa har ido ya gani, ajiye shi. Ka kama tiren ka jijjiga shi hagu da dama. Ya kamata ya zame gaba da baya sumul ba tare da ƙaƙas-ƙaƙas ba. Ka ɗaga injin ka ji nauyinsa. Ƙananan na gida suna tsakanin kilo 3 zuwa 5, masu jikin alminiyam da wuƙar santimita 25 kuwa suna kai kilo 13 zuwa 16. Nauyin nan ba ado ba ne, shi ke hana inji yawo a kan teburi lokacin da kake tura nama. In mai shago ya yarda, a kunna ka tsuguna ka kalli bakin wuƙar daga gefe tana juyawa: layi ɗaya ya kamata ka gani a tsaye, ba mai kaɗawa ba.

Wane girman wuƙa ya dace da gida?

Injinan gida na gama-gari suna da wuƙar santimita 17 zuwa 19. Na tsakiya 22 zuwa 25. Na kantuna 30 zuwa 35. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne wuƙa ba ta cin nama mai faɗinta. Abin da take iya ci bai fi kashi biyu cikin uku na faɗinta ba, ko ya ɗara kaɗan. Wuƙar santimita 19 za ta ɗauki ƙirjin kaza ko siririyar tsoka, amma dunƙulen cinyar sa sai ka raba shi biyu tukuna.

A ganina, wanda ya ƙudura yankan fale-fale da gaske ya nemi 22 ko 25. Na 30 ya yi wa ɗakin girki yawa: ba ka iya ɗaga shi kai kaɗai, kuma zai cinye maka rabin kanta.

Wuƙa mai haƙora ko mai sumul ɗin baki?

Mai sumul. Mai haƙora an yi ta ne don burodi mai taurin ɓawo, kuma a kan nama mai laushi tana yaga ne, ta bar ɓurɓushi a ƙarƙashin inji. Abin takaici, yawancin injinan gida da mai haƙora suke zuwa, domin a Jamus da maƙwabtanta, inda aka fi amfani da su, burodi suke fara yankawa da su. Kafin ka biya, ka tambaya ko akwai mai sumul a cikin kwalin, ko ana samunta daban. Idan babu ita kuma babu inda za a samo ta, injin bai dace da aikinka ba ko da kuwa kyauta aka ba ka.

Wasu wuƙaƙen ƙarfe mara tsatsa ne, wasu kuma ƙarfe ne mai tauri da aka lulluɓe da kurom, wani ƙarfe mai ƙyalli. Na biyun ya fi riƙe kaifi, amma bakinsa yana tsatsa idan aka bar shi a jiƙe, musamman da damina.

An ce in nemi mai wat da yawa. Gaskiya ne?

Rabin gaskiya ne. Injinan gida suna tsakanin wat 100 zuwa 200, kuma wannan ya isa yankan dafaffen nama. Lambar tana nuna wutar da inji ke ja ne, ba ta nuna ƙarfin da ke isa bakin wuƙa. Kana iya samun mai wat 200 mai ihu da zafi, wanda mai wat 150 na kirki zai fi shi aiki nesa ba kusa ba.

Lambar da ta fi wannan muhimmanci tana ɓoye a cikin takardar bayani ko a ƙasan inji: mintunan da aka yarda ya yi yana aiki ba tsayawa. Ƙananan injina da yawa minti 5 ne ko 10, sannan sai an kashe su sun huce. Turawa a ƙasarsu mai sanyi suka auna wannan. A ɗakin girkin Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, sai ka rage. Wanda ke da odar sanwici hamsin ya nemi wanda aka rubuta yana iya aiki a jere.

Mai giya ko mai bel?

Giya ko bel ne ke kai juyin inji zuwa wuƙa. A ƙananan injina giyar roba ce, tana da ƙara, kuma idan haƙoranta suka cinye sai a yi ta neman irinta a rasa. Mai bel ya fi shiru, kuma idan wuƙa ta cije, bel ɗin ne zai zame maimakon injin ya ƙone. Bel abu ne da ake canzawa cikin sauƙi. Giyar ƙarfe ta manyan injinan kantuna wani zance ne daban, ta fi kowanne ƙarfi, kuɗinta ma haka. Don gida, bel.

Ɗan'uwana zai aiko mini daga Amurka. Zai yi aiki a nan?

Ka dakatar da shi tukuna. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu a Najeriya da Nijar 220 zuwa 230. Ka soka injin Amurka kai tsaye a soket, ko minti ɗaya ba zai yi ba zai ƙone. Dole sai da taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya ninka na injin, domin a lokacin tashi inji yana jan wuta fiye da abin da aka rubuta. Ko da ita ma, wasu injinan da aka ƙera don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa suna rage gudu kuma suna ƙara zafi a kan tamu mai bugu 50. Na Turai, ko na Sin da aka ƙera don kasuwar Turai, su ne daidai da wutarmu. Iyaka a canza kan filogi.

Inbata da ƙaramin janareta suna ɗaukarsa ba matsala, tunda bai kai dutsen guga jan wuta ba ko kusa. Abin tsoro shi ne wuta mai rauni, wadda ke sa inji gurnani yana zafi. Idan unguwarku haka take, a haɗa da sitabilaiza. Kuma ka duba wannan: idan aka ɗauke wuta inji yana kunne, aka dawo da ita, zai tashi da kansa? Na kirki ba ya tashi sai an sake danna maɓalli. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ya fi duk wani ƙyale-ƙyale da ke jikin injin.

Zai yi mini yankan kilishi?

Zai yi wani abu mai kama da shi, amma ba kilishin da ka sani ba. Mai kilishi ba falle-falle yake cirewa daga dunƙule ba. Yana riƙe tsoka ne yana bin ta da wuƙa yana warware ta, har dunƙule ɗaya ya zama shimfiɗa guda mai faɗi da tsawo wadda za a baza a rana a kan gadon kara, ta bushe, a tsoma a labu, a sake shanyawa, a nuna mata wuta. Injin faifai ba ya warware nama. Kowane yanka da zai ba ka iyakarsa faɗin dunƙulen da ka ɗora, wato kamar tafin hannu ko ya fi kaɗan.

Idan kilishin gida kike so, wanda za a ci ko a zuba a leda ƙanana-ƙanana a sayar, injin zai taimaka ƙwarai, musamman da Babbar Sallah da nama ke yawa. Ki cire kitse da jijiya, ki sa tsokar a firiza har ta yi tauri, ki saita milimita 2 zuwa 3. Ƙasa da haka naman zai yage wajen tsomawa a labu. Amfaninsa babba shi ne kauri ɗaya: duk yankan za su bushe lokaci guda, ba wani ya ƙame wani yana da danshi a ciki ba. Amma wanda ke son babban falle irin na masu sana'a, ya kai wa mahauci.

To tsire da shawarma fa? Kuma yana yanka daskararren nama?

Na tsire milimita 3 zuwa 4 yana yi, na shawarmar kasko ma haka. Ɗanyen nama a yadda yake yana da santsi da laushi, wuƙa sai ta riƙa tura shi maimakon ta ci. Maganin shi ne a naɗe shi tam a leda, a sa a firiza daga awa ɗaya zuwa biyu gwargwadon girmansa, har sai ya zama idan ka danna da yatsa yana ɗan shiga amma ba ya lanƙwasa. Wanda ya daskare ƙam kamar dutse kuwa, a'a. Zai dakushe wuƙa, ya cinye giya, ko ya kuɓuce daga madanni. Ƙashi ma haramun ne a kansa, har da guringuntsi mai tauri. Injin yanka ƙashi zarto ne, daban yake.

Wane nama zan shirya a gida don sanwici?

Tsokar cinyar sa mara kitse ta fi sauƙi. A shafa gishiri da kayan yaji, a ɗaure da zare don ta dunƙule, a gasa har zafin cikinta ya kai digiri 63 a ma'aunin Celsius. Ƙirjin kaza ko na talo-talo sai ya kai 74. Sirrin kuma yana bayan gashi: kada a yanka da zafi. A bar shi ya huce, ya kwana a firji. Naman da ya kwana yana kama jikinsa, ya fito a milimita 1 ba tare da ya farfashe ba, wanda ya fito daga wuta yanzu kuwa romonsa zai zube kuma ya dagargaje. A ɗora shi yadda wuƙa za ta gitta zaren tsokar, ba ta bi shi ba, in ba haka ba yankan zai yi wuyar tauna komai sirantarsa. Kada a danna da ƙarfi. A injin da tirensa ke a karkace, nauyin naman kansa yana kai shi ga wuƙa.

Basturma ta Masar da Turkiyya da bresaola ta Italiya duk naman sa ne busasshe, kuma su ne ke gwada inji da gaske, domin ƙasa da milimita 1 ake son su.

Abin da aka yanka a cinye shi cikin kwana 3 zuwa 5 idan firji yana aiki yadda ya kamata. Inda wuta ba ta tsayawa, gara a bar dunƙulen a yanki na ranar kawai.

Yaya wankinsa yake?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara yi, domin ita ke yanke hukuncin ko injin zai yi aiki ko zai koma saman kabad ya kwashi ƙura. Kitse da ɓurɓushin nama suna shiga bayan wuƙa, da ƙarƙashin murfinta, da cikin ƙusoshin madanni, da ramin maɓallin kauri. A can wata ƙwayar cuta mai suna listeriya ke samun wurin zama, kuma ita sanyin firji ba ya hana ta hayayyafa. Ta fi yi wa masu juna biyu da jarirai da tsofaffi illa. A Kanada a 2008 an bi sawun wata annobarta da ta kashe mutum fiye da 20 har zuwa cikin injinan yanka nama na wata masana'anta a Toronto, inda ƙwayar ta ɓuya a wuraren da wankin yau da kullum ba ya kaiwa. Dokar abinci ta Amurka ta ce injin da ke aiki a kanti a wanke shi aƙalla kowace awa 4.

A gida, a wanke bayan kowane amfani, kuma dole a wanke tsakanin ɗanyen nama da dafaffe. In za a yi duka biyu rana ɗaya, a fara da dafaffen. A cire filogi, a mayar da kauri sifili, a kwance abin da ke kwancewa, a wanke da ruwan zafi da sabulu, a ɗauraye, a bi da ruwan da aka sa babban cokali ɗaya na bilic a lita 4, a bar shi ya bushe sarai. Ba a tsoma jikin injin a ruwa. Wuƙa ana goge ta ne daga tsakiya zuwa baki.

Don haka a shago ka ce a kwance maka a gabanka. Wuƙar tana fita da murɗa abu ɗaya, ko sai an nemo sukudireba? Tiren yana cirewa ko aƙalla ya kifa gefe? Jikin sumul yake ko cike yake da lunguna da kawunan kusoshi? Injin da kwance shi ke cin minti 20, ranar gajiya ba za a wanke shi ba.

Yana da haɗari?

Ƙwarai. Yawancin yankan yatsa ba a lokacin aiki suke faruwa ba, a lokacin wanki ne, ko lokacin da nama ya rage ɗan guntu mutum ya ajiye madanni ya tura da hannu. Guntun ƙarshe a jefa shi a miya. A sayi safar hannu mai hana yanka don cire wuƙa da wankinta. Da an gama, kauri ya koma sifili, domin a nan faranti ke rufe bakin wuƙa. A gidan da ke da yara, a cire filogi a ɗaga injin inda hannu ba ya kai, kuma kada a aiki yarinya ta wanke shi tare da kwanuka.

Yaya ake wasa wuƙar? Man gyaɗa zai yi wajen shafa wa sandar?

Injinan tsakiya suna da abin wasawa a kansu, duwatsu biyu ƙanana: ɗaya yana fitar da kaifi, ɗaya yana share ƙurar ƙarfen da ta lanƙwaso. A wanke wuƙa tukuna, domin kitse yana toshe dutse. 'Yan daƙiƙu sun isa, sannan a sake wankewa. Yawan wasawa yana cinye faifan. Ƙananan injina ba su da shi a jikinsu, sai dai a nemi abin wasawa daban ko a canza wuƙa. Kada a kai wa masu wasa adda da injin gurza ƙarfe, za su ɓata da'irar ta koma rawa.

Man gyaɗa ko man ja kuwa, a'a. Suna yin danƙo su kama ƙura, tire ya riƙa cijewa. Ana amfani da farin man injinan abinci, ɗigo biyu a kan sandar.

Tsofaffin injina da ake kawowa daga Turai fa?

Sau da yawa tsohon injin kanti na Italiya ko Jamus ya fi sabon na roba. Ka duba ko faifan ya cinye har tazara ta buɗe tsakaninsa da zoben da ke kare shi, ko bakinsa ya ɓantare, ko injin yana warin ƙuna bayan ya yi 'yan mintuna. Ka duba farantin bayanai, domin wasu manyan na wuta mai layi uku ne, ba sa aiki a gida.

Akwai kuma abin da Musulmi zai so ya sani: a can, kusan tabbas an yanka naman alade da shi. Ƙarfe yana tsarkaka da wanki, amma sai an kwance shi gaba ɗaya an kai ga kowane lungu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa, ko ya sayi sabo.

Waɗanne kamfanoni aka sani?

A na gida akwai Graef da Ritter na Jamus, da Chef'sChoice na Amurka. A na kantuna akwai Berkel, da Bizerba na Jamus, da Hobart na Amurka. Yawancin masu jikin alminiyam da wuƙar santimita 22 ko 25 da ake gani a shagunan kayan girkin otal a Legas, Abuja da Kano daga Sin suke, ƙira ɗaya sunaye barkatai. Wasunsu suna da kyau. Tunda suna ba ya gaya maka komai a kansu, ka yi gwajin yatsa da na jijjiga, sannan ka tambayi mai shago ko yana da bel, wuƙa da duwatsun wasawa na wannan samfurin a ajiye. In yana da su, ka haɗa da bel ɗaya tun yanzu.

Zan iya yanka wasu abubuwan da shi?

Kabeji, albasa, kokwamba da dankalin turawa duk yana yi, kuma mai haɗa salak na biki zai ji daɗinsa. Cuku yana manne wa wuƙa yana wahalar da ƙaramin inji, sai a sanyaya shi sosai a kuma tura a hankali. Burodinmu mai laushi yana lotsewa a ƙarƙashin madanni. Wanda ya kwana ya fi yankuwa, a milimita 10 zuwa 12, kuma a nan ne wuƙa mai haƙora take da rana.